Waiwaye: Sonneberg da Sana'ar 'Yan Tsana

Duk lokacin da aka tayar da maganar dusashewar sana'ar kayan wasan yara a Sonneberg, ƙaramin garin nan na jihar Turingiya a Jamus, akan ɗora laifin kan haɗewar Jamus ta Gabas da ta Yamma a 1990 da kuma kayan Asiya masu araha. Sai dai tushen matsalar ya girmi waɗannan da shekaru kusan 200.

Garin yana kan tsohuwar hanyar fatake tsakanin Nuremberg da Leipzig, kuma mutanensa sun fara ne da sassaƙa itacen dajin da ke kewaye da su. Wajen 1913 har ana yi masa kirari da birnin kayan wasa na duniya, domin kusan kashi 20 cikin 100 na abin da ake sayarwa a kasuwar duniya daga yankinsa yake fitowa.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne wajen 1805, lokacin da aka soma amfani da kwaɓin takarda. Kafin nan, gwanaye ne suke siffanta kowace 'yar tsana da hannu daga ƙullin gari da gam, wanda ɓera da laima suke lalatawa. Sabon kwaɓin kuwa, na jiƙaƙƙiyar takarda da alli da gam, dannawa kawai ake yi cikin mazubin da aka riga aka fitar wa siffa, sai kan 'yar tsana ya fito iri ɗaya sau ɗaruruwa. Daga nan gwaninta ta rage daraja, aikin ya koma cikin gidaje, inda uba yake danna kwaɓi, uwa tana ɗinka riguna, yara suna shafa fenti a ɗakin da iyali suke kwana, sannan mata su goya manyan kwanduna zuwa wurin 'yan kasuwa, a biya su ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

A ganina, tun ranar ce garin ya jingina arzikinsa ga arahar hannun talaka, kuma abin da mazubi ya fitar kowa yana iya kwaikwayonsa. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya toshe hanyar teku, Amurka da Japan suka shiga ƙera nasu. Mayar da sauran masana'antu hannun gwamnatin Jamus ta Gabas, inda garin yake a lokacin, a 1972 ya riƙe ayyukan yi na ɗan lokaci, amma bayan 1990 dubban ma'aikata suka rasa aiki. Yau kamfanoni ƙalilan ne suka saura, tare da gidan tarihin kayan wasa da aka kafa a 1901.