Ƙagaggen Labarin Tarihi Mai Jigon Takarar Soyayya da Gabar Dangi

Wannan reshe ne na adabin zube inda marubuci ke kai labarinsa wani zamani da ya shuɗe, ya kafa shi a kan gabar da gidaje biyu suka gada, sannan ya haɗa mutum uku a soyayya ɗaya: maza biyu na neman mace guda, ko mata biyu na son namiji guda. Manazarta sukan kira labari "na tarihi" idan zamanin da yake magana a kai ya girmi rubuta shi da shekara 50 zuwa 60.

Ginin labarin

Mutum na uku shi ne ginshiƙi. Galibi shi ne zaɓin iyaye, wanda aurensa zai ƙara wa gida ƙarfi, ko fili, ko abokan yaƙi. A zamunan da marubutan ke zaɓa, aure yarjejeniya ce tsakanin gidaje, fasa baiko kuwa cin mutuncin dangi ne gaba ɗaya. Hukuma tana nesa ko ba ta da ƙarfi, don haka jini sai a biya shi da jini ko da diyya. Al'adar ramuwa ita ke faɗin wanda ya wajaba a kashe, kishi kuma ya samar da mai ɗokin aikatawa. Marubucin da ya haɗa su wuri ɗaya ba ya buƙatar ƙirƙiro wani azzalumi daga waje, domin makashin ɗan gida ne, kuma a ganinsa haƙƙi yake karɓa.

Tsofaffin misalai

Labarin Laxdæla, wanda wani marubuci da ba a san sunansa ba ya rubuta a tsibirin Aisland a ƙarni na 13, yana ba da abin da aka ce ya faru wajen shekarar 1000. Kjartan da Bolli 'yan maza biyu ne, gida ɗaya suka tashi. Kjartan na son Gudrun, sai ya yi tafiya Norwe, inda Sarki Olaf Tryggvason ya riƙe shi garkuwa. Bolli ya riga shi dawowa, ya gaya wa Gudrun cewa Kjartan ya shaƙu da 'yar'uwar sarki, sannan shi Bolli ya auri Gudrun. Da Kjartan ya dawo ya auri Hrefna, aka shiga sace-sace da wulaƙanta juna, har Gudrun ta zuga mijinta da 'yan'uwanta. Bolli ya kashe Kjartan, 'yan'uwan Kjartan suka kashe Bolli, 'ya'yan Bolli suka girma suka nemi fansa. Kusan duk abin da marubutan baya suka yi yana cikin wannan labari.

A birnin Florence na Italiya kuwa, marubuta tarihin garin sun ce a 1216 wani saurayi, Buondelmonte, ya fasa auren 'yar gidan Amidei ya koma wa 'yar gidan Donati. Aka tare shi da safiyar Ista a bakin gadar Ponte Vecchio aka kashe shi. Daga nan suka ce garin ya rabu gida biyu, Guelf da Ghibelline, kuma Dante, shahararren mawaƙin garin, ya ambaci kisan a waƙarsa. Masana tarihi na yanzu sun fi danganta rabuwar da jayayyar Fafaroma da sarkin Daular Roma Mai Tsarki. Wannan ɗabi'a ta rataya babban rikicin siyasa a wuyan baiko guda ta bi reshen har yau.

Zamanin Scott

Walter Scott na Sikotland, wanda littafinsa Waverley na 1814 ake ɗauka a matsayin mafarin ƙagaggen labarin tarihi na zamani, shi ya daidaita wannan salo da The Bride of Lammermoor a 1819. Gidan Ravenswood ya rasa gadonsa a hannun lauya Sir William Ashton. Magajin gidan, Edgar, ya rantse zai rama, sai ya kamu da son Lucy, 'yar lauyan. Uwarta ta tilasta mata auren wani da ake kira Bucklaw. Daren aure Lucy ta soki ango da wuƙa, hankalinta ya gushe, ta rasu. Edgar kuma ya nutse a rairayi mai haɗiye mutum a hanyarsa ta zuwa karawa da wanta.

Scott ya samo ƙwayar labarin daga Janet Dalrymple, wadda aka aurar wa David Dunbar a 1669 alhali ta yi wa wani alkawari a ɓoye, ta rasu 'yan makonni bayan biki. Ya matso da zamanin zuwa wajen 1707, lokacin haɗewar Sikotland da Ingila, don gabar ta zama hoton tsohuwar sarauta da ke faɗuwa a gaban masu takarda da kotu. Nan gwanintarsa take: Ashton bai taɓa zare takobi ba, da shari'a ya cinye gidan. Donizetti, mai tsara kiɗa ɗan Italiya, ya mayar da labarin wasan waƙe a 1835.

Lorna Doone na R. D. Blackmore, 1869, ya fi sassauci. Zuriyar Doone ta kashe mahaifin John Ridd, shi kuma ya so Lorna, wadda aka tanadar wa Carver Doone. An saƙa tawayen Monmouth na 1685, wanda aka yi wa sarkin Ingila, a ciki. Carver ya harbe ta ana ɗaurin aure, amma ta rayu, kuma ashe ba jinin Doone ba ce, sato ta aka yi tana ƙarama. Dabara ce mai arha wadda marubuta da yawa suka ara, domin tana raba masoyi da zaɓi mai wuya.

Tarihi da ƙari

Gabar Hatfield da McCoy, a gaɓar kogin Tug Fork tsakanin jihohin West Virginia da Kentucky na Amurka, ita ce ta fi nuna yadda labari ke lanƙwasa tarihi. A 1880 Roseanna McCoy ta bi Johnse Hatfield gidansu. Ya rabu da ita tana da ciki, ya auri 'yar'uwarta Nancy McCoy a 1881. Littattafai da finafinai sun mai da wannan tsakiyar rikicin. Amma kashe-kashen manya sun biyo wata hanya. A 1882 'ya'ya uku na Randolph McCoy, mahaifin Roseanna, suka raunata Ellison Hatfield ranar zaɓe, da ya mutu aka ɗaure su aka harbe. Daren sabuwar shekarar 1888 aka ƙone gidan Randolph, aka kashe 'ya'yansa biyu. Rikicin kama mutane a tsallaken iyaka ya kai Kotun Ƙolin Amurka a shekarar, kuma a 1890 aka rataye Ellison Mounts na ɓangaren Hatfield. Masaniyar tarihi Altina Waller, a bincikenta na 1988, ta nuna cewa jayayyar fili da cinikin katako sun fi soyayya nauyi a lamarin.

Sukar da aka fi yi wa reshen ita ce ɗora wa mutanen da tunanin yau, musamman a bakin yarinyar, wadda akan sa ta yi magana kan 'yancin zaɓen miji da kalmomin da zamaninta bai sani ba. Ana kuma sukar mai da mace ganima tsakanin maza biyu, ko da yake Gudrun, wadda ta auri maza huɗu, ta tsufa tana mai ibada a Helgafell a Aisland, ba ta shiga wannan sahu ba.