Wai me ake nufi da "sa ƙarfe" ne?

Kwanan nan duk inda ka leƙa a Facebook ko ka kunna rediyo a nan Gombe sai ka ji cigiyar taimako, wane ya yi hatsari a hanyar Bauchi, likita ya ce sai an sa masa ƙarfe. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake fassara maganar, wannan ya ce za a canza masa ƙashi da ƙarfe, wancan ya ce dashen ƙarfe, ɗan siyasa kuma in ya biya kuɗin aikin sai yaransa su rubuta wai ya saya wa bawan Allah sabuwar ƙafa.

Jama'a ba haka ba ne fa. Sa ƙarfe ɗori ne, sai dai daga ciki. Likita zai yi tiyata ya mayar da ƙashin mazauninsa, sannan ya ɗaure shi da falle da sukurori, ko ya zura doguwar sanda ta cikin ɓargo, dabarar da wani likitan Jamus Gerhard Küntscher ya fara tun 1939. Ƙashin da kansa yake haɗewa da ikon Allah, shi ƙarfen riƙo ne kawai, kamar katakon da magini ke tokare dakin, wato rufin kankare, da shi kafin siminti ya kama. Shi ya sa in ƙashi ya ƙi haɗewa, ko mutum ya yi gaggawar ɗora masa nauyi ba da izinin likita ba, ƙarfen ma yana iya lanƙwasa ko ya karye.

Karayar wuyan hannu ba ta da dogon bayani. Mutum ya faɗi ya dafa ƙasa da tafi, in ƙashin bai goce sosai ba filasta na kamar sati 6 ya isa. Sai in ya goce ko karayar ta shiga cikin gaɓa ne ake maganar ƙarfe.

Ƙugu ne inda rashin fahimtar nan ke cin rai, kuma nan na fi damuwa. Tsohuwa ta zame a banɗaki da asuba, ta kasa tashi, ƙafar ta ɗan gajarce ta juya waje, sai 'ya'ya su taru su ce ai Inna ta tsufa ba za ta iya ɗaukar ƙarfe ba, a kira mai ɗori. Ni ban raina masu ɗori ba wallahi, amma a faɗa min ta ina kara da tsumma za su riƙe kan ƙashin cinya da ke can ƙasan tsoka? Sai a kwantar da ita wata da watanni, baya ya yi gyambo, ciwon huhu ya shigo, jini ya daskare a jijiyar ƙafa, kwanciyar ce ke kashewa ba karayar ba. Dalilin ke nan likitocin ƙashi ke so a yi aikin cikin kwana 1 zuwa 2, don a zaunar da ita a fara tayar da ita da wuri. Kuma a nan ne maganar "canji" take da gaskiya, domin in karayar a wuyan ƙashin take kuma ta goce, jinin da ke ciyar da kan ƙashin yana yankewa, to ga tsoho sai a cire kan gaba ɗaya a sa na ƙarfe. In kuma karayar ta ɗan yi ƙasa da wuyan, ɗaurewa kawai ake yi, ƙashinta na nan nata. Aiki biyu ne daban, kuɗinsu daban, jinyarsu daban, amma duk mun haɗa mun ce "ƙarfe".

Masu cewa zai yi tsatsa a jiki kuma, ba irin rodin kasuwa ba ne, ƙarfe ne marar tsatsa ko taitaniyam, da yawa ma ba a cirewa har abada sai in yana damun mutum ko ƙwayar cuta ta shiga. Don Allah in an kai naka Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Gombe, ko na Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, ko Dala a Kano, ka ce likita ya nuna maka hoton, ka tambaye shi ɗaurewa za a yi ko canji, kuma yaushe za a fara takawa.