Manhajar da ke rufe fuskar waya ta kwashe kuɗin banki: tambayoyi da amsoshi

Mai POS a Ƙofar Ƙaura da ɗan kasuwa a Babbar Kasuwar Katsina duk jarinsu yana cikin waya yanzu. Ga bayani kan wata damfara da ba a kiran mutum, ba a roƙonsa lambar sirri, shi da kansa yake rubuta ta.

Yaya damfarar take?

Abin da ido ke gani daban, abin da yatsa ke taɓawa daban. Kamar a miƙo maka takardar rabon taki ka sa hannu, alhali an shimfiɗa kabon a ƙasa da takardar sayar da gonarka. Ka ga an rubuta "danna ka kalli bidiyo", ka danna, ashe a ƙarƙashi maɓallin amincewa ne. Wasu masana tsaron intanet biyu, Jeremiah Grossman da Robert Hansen, su suka fallasa wannan a shafukan intanet a 2008.

Wadda ta fi cin kuɗi kuwa ita ce ta waya. Muguwar manhaja tana laɓe har sai ka buɗe manhajar bankinka, nan take ta ɗora wani shafi mai kala da tambarin bankin sak. Ka rubuta lambar sirri, ta tura wa ɓarawo, ta janye, ta bar ka da manhajar gaskiya kana cewa netwok ne. Da haka miyagun manhajojin satar kuɗin banki, Anubis da Cerberus, suka yi suna.

Ta ina take samun damar hawa kan wata manhaja?

Daga hannun mai wayar. A Android akwai izinin bayyana a saman sauran manhajoji, kuma ba don sharri aka yi shi ba: da shi Truecaller ke nuna sunan mai kira. Izini na biyu shi ne wanda aka tanada don makafi da masu lalura, wanda ke ba manhaja damar karanta duk abin da ke fuskar waya, har ta danna da kanta. A 2017 masu bincike a Georgia Tech ta Amurka suka nuna cewa manhajar da ta haɗa biyun ta gama da wayar. Ta kan ma karanta lambar da banki ke turowa ta tes, sai ya zama lambar ba ta kare komai ba.

A ina ake kwaso ta?

Mafi yawa a wajen Play Store. Link a guruf ɗin WhatsApp na tallafin gwamnati, ko data kyauta, ko rance ba jingina. Sai WhatsApp da aka yi wa kwaskwarima, da abin da ake turawa ta Xender. Ni dai ban yarda a miƙa wayar da ke da manhajar banki a ce "cika mini ita" ba. Mai turawar ma sau da yawa bai san abin da ke ciki ba. Play Store ɗin ma muguwar manhaja takan yi sa'ar kutsawa ciki, amma ba kamar waje ba.

Masu ƙera Android ba su ɗauki mataki ba?

Sun ɗauka. Android 12 ta 2021 tana hana taɓawa ratsa labulen wata manhaja, kuma ta ba masu rubuta manhaja damar korar duk abin da ya hau kan tasu. Android 13 ta 2022 ta tsananta bai wa manhajar da aka sauke daga waje izinin masu lalura. Ƙananan wayoyi masu Android Go, daga ta 10 zuwa sama, ba sa bayar da izinin hawan ma sam. Matsalar, tsofaffin wayoyi na hannu da ba sa samun sabuntawa sun yi yawa a wurinmu.

Me zan duba a wayata?

Shiga saitin, ka nemo "Display over other apps" da "Accessibility", wato izinin hawa saman manhajoji da izinin masu lalura. Tocila ko wasa ko manhajar goge shara ba su da hurumi a can, ka kashe. Kuma in manhajar banki ta nemi BVN ko lambar katin ATM gaba ɗaya ba gaira ba dalili, rufe ta.

In an riga an rubuta lambar fa?

Kashe data, ka ari wata waya ka rufe asusun ta lambar gaggawa ta bankinka, wadda ya kamata a ce tana rubuce a takarda tun yau. Kada ka canza lambar sirri a wayar da ta kamu, domin sabuwar ma za a gani. In manhajar ta ƙi goguwa, kwashe hotuna da lambobin mutane, a yi wa wayar fomat, sannan ka je reshen banki da katin shaidarka.