Maki 18 a Dungeons & Dragons ba IQ 180 ba ne

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin masu wasan Dungeons & Dragons, wasan nan na teburi da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, wai in kana son sanin IQ (ma'aunin kaifin basirar mutum) na jaruminka, wato wanda kake wasa a matsayinsa, sai ka ninka makin basirarsa na wasan sau goma, mai 10 ya zama 100, mai 18 ya zama 180. Na farkon ya yi kusa da gaskiya, shi ya sa ma mutane suka yarda da sauran, amma lissafin bai tafi haka ba sam.

A asali, don fitar da makin, dayis uku ake jefawa irin na ludo a haɗa, daga 3 zuwa 18, matsakaici 10.5. Kafin 18 ta fito sai duka ukun sun ba da shida, wato sau ɗaya cikin 216. To mutumin da ya fi kowa basira cikin 216 a ma'aunin IQ wajen 139 yake, alhali 180 kuwa sai ka tara mutane miliyoyi kafin ka samu guda. Kowane maki ɗaya kusan biyar ne a IQ, goman nan ta yi yawa.

Abin da ya fi damuna shi ne masu raina jarumi mai 8 suna wasa da shi kamar dolo, bayan kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jifa 8 ne ko ƙasa da haka, mutum ne kamar kowa a unguwa.