Samfuran Amsa Masu Sarrafa Kansu a Sassan Shari'a na Kamfanoni

Samfurin amsa mai sarrafa kansa rubutu ne da lauyoyin kamfani suka tsara tun da farko, suka tace shi, sannan aka ɗora shi a kan manhajar kwamfuta domin ya riƙa fita da kansa a duk lokacin da wani ya kawo buƙatar da ta dace da shi. Rubutun yakan ƙunshi sassan da ba sa sauyawa, da guraben da ake cikewa da suna ko kwanan wata ko adadin kuɗi, da kuma sharuɗɗan da ke shiga ko su fita gwargwadon amsoshin da mai buƙata ya bayar. Sassan shari'a na kamfanoni suna amfani da shi wajen biyan buƙatun yau da kullum, waɗanda amsarsu sananniya ce amma yawansu yakan cinye lokacin lauya. Kowane samfuri shawara ce ta lauya da aka yanke sau ɗaya aka adana, don haka ingancinsa yana rataye ne a kan abu biyu: a tabbatar tambayar da ta zo ita ce wadda aka yi shi dominta, kuma a tabbatar dokar da aka gina shi a kanta ba ta sauya ba.

Buƙatun da ake amfani da shi a kansu

Mafi shahara a cikinsu ita ce yarjejeniyar riƙe sirri, wadda kamfanoni biyu ke sanya wa hannu kafin su buɗe wa juna bayanai a tattaunawar kasuwanci. Sashen sayarwa da sashen sayayya suna neman ta kusan kullum, kuma abin da ke bambanta wata da wata bai wuce sunayen ɓangarorin ba, da tsawon wa'adi, da dokar ƙasar da za a bi idan saɓani ya taso, da kuma ko ɓangare ɗaya ne zai bayyana sirri ko duka biyun. Saboda kamannin nan ne wasu lauyoyi suka haɗu a shekarar 2021 suka fitar da oneNDA, wato yarjejeniya guda da kowane kamfani zai iya ɗauka ba tare da sake ja-in-ja a kan kalmominta ba.

Bayan ita akwai tambayoyi irin su wane ne ke da ikon sa hannu a kan kwangila mai adadin kuɗi kaza, ko ma'aikaci zai iya karɓar kyauta daga ɗan kwangila, yadda ake amfani da tambarin kamfani a talla, da wasiƙar tabbatar da cewa wani yana aiki a kamfanin. Haka nan akwai sanarwar da ake aika wa ma'aikata a umarce su da kada su goge takardu da imel idan ana hangen shari'a, da wasiƙar farko da ake mayar wa mutumin da ya nemi sanin bayanan da kamfani ke riƙe da su a kansa.

Asali

Lauyoyi sun daɗe suna aiki da kundayen samfura tun kafin kwamfuta, inda magatakarda kan kwafi tsohuwar takarda ya sauya suna da kwanan wata. Manhajojin rubutu na farkon shekarun 1980 sun kawo dabarar haɗa wasiƙa ɗaya da jerin sunaye, sai dai wannan cike gurbi ne kawai, babu zaɓi a cikinsa. Abin da ya sauya lamarin shi ne manhajar da ke iya bin sharaɗi, wato ta saka wani sakin layi idan amsa ta kasance e, ta bar shi idan ta kasance a'a. Binciken da aka fara a tsangayar shari'a ta Jami'ar Brigham Young da ke Amurka a shekarun 1970 shi ne tushen manhajar HotDocs, wadda ta fito a 1993. Daga baya Contract Express ta yaɗu a manyan ofisoshin lauyoyi, har kamfanin Thomson Reuters ya saye ta a 2015, kuma akwai Docassemble wadda kowa zai iya ɗauka kyauta ya gyara.

Amincewa da sa hannu ta na'ura ya cike giɓin da ya rage. Amurka ta yi dokar ESIGN a 2000, Tarayyar Turai kuma ta yi ƙa'idar eIDAS a 2014, abin da ya sa takarda za ta iya tashi daga fom zuwa sa hannu ba tare da an buga ta ba. A daidai wannan lokaci tafiyar da sashen shari'a ta zama sana'a mai zaman kanta a manyan kamfanoni, da ma'aikatan da aikinsu shi ne tsara hanyar shigowar buƙatu da auna lokacin da ake ɗauka kafin a biya su.

Yadda tsarin yake aiki

Ma'aikaci yakan shiga shafin cikin gida na kamfani ya cike fom, ko ya rubuta wa manhajar hira abin da yake so. Tambayoyin fom ɗin suna da rassa, ta yadda amsar farko ce ke nuna tambaya ta biyu. Idan ya gama, ɗayan abu uku ke faruwa. Ko manhajar ta ba shi amsa ko takarda nan take, ko ta shirya daftari ta tura wa lauya ya duba kafin ya fita, ko kuma ta ƙi ba da komai ta miƙa maganar kai tsaye ga lauyan da fannin ya shafa. Galibi ana haɗa samfurin da wani jagora na cikin gida da ke bayyana matsayin da kamfani ya fi so a kan kowane sharaɗi, da matsayin da zai iya saukowa gare shi idan ɗaya ɓangaren ya matsa, da kuma iyakar da ba a ƙetarewa sai da izinin babban lauya. Kowane mataki yana barin tarihi: wanda ya nema, amsoshin da ya bayar, da kuma bugun samfurin da aka yi amfani da shi a ranar.

Tantance tambaya

Nan ne aikin ya fi wuya, kuma nan ne ƙwarewar lauya ta fi bayyana. Rubuta yarjejeniyar riƙe sirri mai kyau ba abu ne mai wahala ba ga wanda ya san aikinsa. Abin da ke da wahala shi ne tsara tambayoyin da za su gano cewa wannan buƙatar, duk da kamanninta da ɗaruruwan da suka gabace ta, ba irinsu ba ce. Ma'aikacin sashen sayarwa da ke neman yarjejeniyar riƙe sirri ba lallai ne ya ga wani bambanci ba tsakanin tattaunawa da mai sayen kaya da tattaunawa da kamfanin da suke gogayya da shi a kasuwa, alhali musayar bayanan farashi tsakanin abokan gogayya na iya karya dokar hana haɗa baki a kasuwa, kuma babu yarjejeniyar sirrin da za ta wanke wannan laifi. Haka nan wanda ke tambaya ko zai iya ba baƙo kyauta zai samu amsa ɗaya idan baƙon ɗan kasuwa ne, ya samu wata dabam idan jami'in gwamnati ne, domin dokoki irin su dokar Amurka ta 1977 kan cin hanci a ƙasashen waje da dokar hana cin hanci ta Birtaniya ta 2010 suna bin kamfani har bayan iyakar ƙasarsa.

Saboda haka tsari mai kyau yakan tambayi abin da mai buƙata ya sani a zahiri, ba abin da sai lauya ne zai iya yanke hukunci a kansa ba. Ba a tambayarsa ko cinikin yana da haɗari. Ana tambayarsa sunan ɗaya kamfanin, da ƙasar da yake, da ko gwamnati tana da hannun jari a cikinsa, da ko za a miƙa bayanan mutane, sannan manhajar ta auna amsoshin da ma'aunin da lauya ya kafa. Ya kamata kuma a bar ƙofa a buɗe ga wanda ya ce bai sani ba, domin fom ɗin da ke tilasta zaɓi tsakanin e da a'a yana koya wa mutane su zaɓi amsar da za ta fitar musu da takarda da sauri. Idan aka yi shakka, miƙa magana ga lauya ba tare da buƙata ba asarar ɗan lokaci ce, amma fitar da takardar da ba ta dace ba yana iya ɗaure kamfani da alkawarin da bai yi niyya ba, kuma tunda samfuri ne, kuskuren zai maimaita kansa a kowace takarda har ranar da wani ya lura.

Tsufan samfuri

Doka tana sauyawa, samfuri kuwa ba ya sanin ta sauya. A watan Yulin 2020 Kotun Tarayyar Turai ta soke tsarin da aka dogara da shi wajen tura bayanan mutane daga Turai zuwa Amurka, sannan a watan Yunin 2021 Hukumar Tarayyar ta fitar da sababbin sharuɗɗan kwangila na bai-ɗaya da ake amfani da su wajen tura bayanan mutane zuwa wajen Turai, ta ba da wa'adi zuwa 27 ga Disamba 2022 a maye gurbin tsofaffin. Duk kamfanin da samfurinsa ke ɗauke da tsohon rubutu, tilas ya gyara samfurin, kuma ya bi sawun kwangilolin da aka riga aka fitar da shi. Irin wannan ya faru da ma'aunin kuɗin ruwa na LIBOR, wanda aka daina buga yawancin nau'o'insa a ƙarshen 2021, alhali sunansa yana zaune a cikin samfuran lamuni masu yawa. Wannan ne dalilin da ya sa ake ba kowane samfuri mai kula da shi da aka ambata da suna, da ranar sake dubawa, kuma ake hana ma'aikata adana kwafi a kwamfutocinsu, domin tsohon kwafi yakan ci gaba da yawo shekaru bayan an gyara na asali.

Wa'adi da sirri

Wasu buƙatun suna zuwa da agogo. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, wadda ta fara aiki a ranar 25 ga Mayu 2018, ta ba kamfani wata ɗaya ya amsa wa wanda ya nemi ganin bayanansa, tare da damar ƙara wata biyu idan buƙatar tana da sarƙaƙiya. Makamanciyar dokar a jihar Kalifoniya ta Amurka ta ba da kwana 45. Umarnin Tarayyar Turai na 2019 kan kare masu kwarmata laifi ya wajabta a sanar da mai kai rahoto an karɓa cikin kwana bakwai, a kuma ba shi bayani cikin wata uku. A nan samfuri yana da amfani ƙwarai, domin yana aika wasiƙar karɓa ya fara ƙirga kwanaki, amma wasiƙar karɓa ba ita ce amsa ba, kuma tattara bayanan da cire sunayen wasu mutane daga cikinsu aiki ne da ke buƙatar idon mutum.

Batun kariyar da doka ke ba maganar da ke tsakanin lauya da wanda yake wa aiki, wato hana a tilasta bayyana ta a kotu ko wajen bincike, ya fi wannan sarƙaƙiya. A shari'ar Upjohn ta 1981, Kotun Ƙolin Amurka ta amince cewa kariyar tana iya shafar maganar da ƙananan ma'aikata suka yi da lauyoyin kamfani domin neman shawarar shari'a. A shari'ar Akzo Nobel ta 2010 kuwa, Kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa maganar lauyan cikin gida ba ta da wannan kariya a binciken gogayyar kasuwa da Hukumar Tarayyar ke yi. Idan haka lamarin yake ga lauya mai rai, to amsar da manhaja ta fitar ba tare da wani lauya ya gan ta ba tana kan matsayi mafi rauni, kuma rubuta kalmar sirri a saman kowace takarda ba ya haifar da kariyar da babu ita. Shi ya sa fom masu kyau suke gargaɗin ma'aikaci da kada ya zuba bayanin wani laifi da yake zargi a cikin akwatin rubutu, ya nemi lauya su yi magana.

Ƙirƙirarriyar basira

Samfuri na asali ba ya faɗin abin da ba a rubuta masa ba, kuma wannan ita ce babbar fa'idarsa. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da suka yaɗu tun ƙarshen 2022 suna tsara jimla sabuwa a kowane lokaci, suna fahimtar tambaya ko da an rubuta ta a karkace, amma suna iya ƙirƙiro abin da babu shi. A watan Yunin 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci wasu lauyoyi biyu da ofishinsu tarar dala 5,000 a shari'ar da wani fasinja ya kai kamfanin jiragen sama na Avianca, bayan sun gabatar da hukunce-hukuncen ƙarya da manhajar ChatGPT ta ƙirƙiro. A watan Fabrairun 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a lardin British Columbia na Kanada ta ɗora wa Air Canada alhakin bayanin kuskure da manhajar hirarsa ta ba wani fasinja kan rangwamen tikiti ga wanda aka yi wa rasuwa, ta kuma ƙi yarda a raba kamfanin da abin da manhajar shafinsa ta faɗa. Ƙungiyar Lauyoyin Amurka, wadda tun 2012 ta sanya sanin fa'ida da haɗarin fasaha cikin bayanin ƙwarewar lauya, ta fitar da ra'ayinta mai lamba 512 kan wannan fasaha a watan Yulin 2024.

Tsarin da ya fi dacewa da aikin shari'a shi ne wanda ya raba aikin gida biyu. Ana barin ƙirƙirarriyar basira ta karanta saƙon ma'aikaci, ta gane irin buƙatar, ta ciro sunaye da ranaku ta cike fom, amma rubutun da zai fita da sunan kamfani ya kasance daga samfurin da lauya ya amince da shi. Tambayoyin da manhajar ta kasa sanya su a wani rukuni ana tara su a tura wa lauya, kuma idan iri ɗaya ta yawaita a cikinsu, daga nan ake ɗauko ta a rubuta mata sabon samfuri.