Kalmar sirri

Kalmar sirri, wadda wasu ke kira mabuɗin sirri, jerin haruffa ne da lambobi da alamomi da mutum ke shigarwa a waya ko kwamfuta don ya tabbatar wa na'ura cewa shi ne mai asusun. Da ita ake buɗe imel da Facebook da manhajar banki. Idan lambobi ne zalla, irin guda huɗun da ake dannawa a ATM ko a wurin mai POS, sai a ce mata lambar sirri.

Asali

An fi danganta shigowarta duniyar kwamfuta da Fernando Corbató na cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka. A shekarar 1961 shi da abokan aikinsa suka ƙaddamar da tsarin CTSS, wanda ya ba mutane da dama damar aiki da kwamfuta guda a lokaci guda, sai ya zama dole kowa ya samu hanyar kulle fayilolinsa. Ba a jima ba aka yi satar farko. Wani ɗalibi, Allan Scherr, da aka ware wa awa huɗu kacal a mako, ya sa na'urar ta buga masa fayil ɗin da ke ɗauke da kalmomin kowa, ya riƙa shiga da sunan wasu.

A shekarun 1970 Robert Morris na cibiyar bincike ta Bell Labs ya kawo gyara a Unix, wani tsarin tafiyar da kwamfuta: maimakon a ajiye kalmar yadda take, sai a dagula ta da lissafin da ba ya komawa baya, a ajiye sakamakon. Shi ya sa kamfanin da ya san aikinsa ba ya iya faɗa wa mutum kalmar da ya manta, sai dai ya ba shi damar saka sabuwa.

Yadda ake sace ta

Hanya mafi sauƙi ita ce a canki kalmar. Mutane kan saka shekarar haihuwa, sunan ɗa ko na mata, ko lambar waya. A 2009 aka yi wa kamfanin RockYou kutse, kalmomin sirri sama da miliyan 32 suka fita fili, kuma wadda ta fi yawa a ciki ita ce 123456. Kutsen da aka yi wa Yahoo a 2013 kuwa ya shafi asusu biliyan 3. Illar irin wannan ba ta tsayawa a kamfanin da aka fasa. Ɓarayi kan ɗauki imel da kalmar da suka samu su gwada a wasu shafuka, don sun san da yawa daga cikin mutane kalma ɗaya suke maimaitawa ko'ina. Shafin Have I Been Pwned, wanda Troy Hunt ɗan Ostareliya ya buɗe a 2013, yana nuna wa mutum ko imel ɗinsa ya taɓa faɗawa cikin sanannen kutse.

Amma wani abin da ke addabar masu waya a Najeriya da Nijar shi ne yaudara, inda mai asusu ke miƙa sirrinsa da hannunsa. Sai a kira dattijo, a gaishe shi da ladabi, a ambaci sunan ƙungiyar da yake ciki a WhatsApp, a ce: "Alhaji, akwai taro ta intanet yau da daddare, yanzu za a turo maka lambobi shida, ka karanto min in sa sunanka." Waɗannan lambobin su ne WhatsApp ke turawa duk wanda zai ɗora asusun a sabuwar waya. Yana karantawa, asusun ya bar hannunsa, kafin magariba an fara roƙon 'yan uwansa kuɗi da sunansa. Haka masu kira da sunan banki suke yi, su ce an rufe BVN sai an faɗi lambar da ta shigo. Banki ba ya tambayar lambar sirri ko lambar wucin gadi ta waya, komai daɗin bakin mai kiran.

Akwai kuma wata kafa da ba a cika kula da ita ba. Wanda bai iya boko ba yakan kai sabuwar waya shago a buɗe masa Gmail da Facebook, mai shagon ya sa lambar wayar a matsayin kalmar sirri don kada a manta. Taimako ne ya yi, amma duk wanda ke da lambar ya riga ya samu makulli. Ya kamata a canza ta a ranar, tare da wani amintacce na gida.

Kalma mai ƙarfi

Shekaru da dama ana bin shawarar da Bill Burr na NIST, hukumar tsara ƙa'idojin fasaha ta Amurka, ya rubuta a 2003, cewa a cakuɗa manya da ƙananan haruffa da lambobi da alamomi, kuma ma'aikatu suka riƙa tilasta canji duk bayan kwana 90. Mutane suka gaji, suka koma ƙara lamba ɗaya a ƙarshen tsohuwar. A 2017 hukumar ta sauya matsayi, shi ma Burr ya ce ya yi nadamar akasarin abin da ya rubuta. Sabuwar ƙa'idar ta fifita tsayi, kuma ba ta son a tilasta canji sai idan akwai alamar an sace kalmar.

Dalilin lissafi ne. Lambobi huɗu suna da haɗi 10,000 kawai, lambobi shida miliyan ɗaya. Ƙananan haruffa takwas na Turanci suna ba da sama da biliyan 208, kuma kowane harafi da aka ƙara yana ninka adadin sau 26. Saboda haka kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, kamar raƙumi, tukunya, damina da allura, sun fi gajeriyar kalma mai alamomi ƙarfi, sun kuma fi zama a ka. Karin magana ko sananniyar addu'a ba su dace ba, tunda kowa ya san abin da ke biye. A kuma yi hattara da ɓ, ɗ da ƙ: ba kowane allon rubutu ke da su ba, ranar da aka ari wata waya sai shiga ta gagara.

Kowane asusu ya samu tasa kalmar, musamman imel, domin ta nan ake sake saita sauran. Manhajar adana kalmomin sirri da ke cikin Android da iPhone tana ɗauke nauyin haddacewa. Littafi a akwatin gida ma ya fi maimaita kalma ɗaya. Sannan a kunna tabbatarwa ta mataki biyu. A WhatsApp lambobi shida ne da mutum ke zaɓa da kansa, waɗanda ke tare ɓarawo ko da ya samu lambar da aka turo.

Masu buƙata ta musamman

Makafi da ke aiki da manhajar karanta allo, irin TalkBack da VoiceOver, sukan sa abin kunne kafin su rubuta kalmar sirri don kada na kusa ya ji. Ƙa'idojin sauƙaƙa shafuka ga masu buƙata ta musamman, WCAG 2.2, da W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar a 2023 sun nemi shafuka kada su dogara ga haddar mutum kaɗai wajen shiga, su bari a liƙa kalmar ko manhaja ta cike ta. Tun 2022 kuma Apple da Google da Microsoft suka amince da wani tsari da ke maye gurbin kalmar da zanen yatsa, fuska ko makullin allon waya, inda mabuɗin ke zama a na'urar mai shi kuma ba shi da wata kalma da zai karanto wa mai kira.