Fentin akirilik da fentin inamel a haɗa ƙananan samfura

Akirilik da inamel su ne nau'o'in fenti biyu da aka fi shafa wa ƙananan samfura, wato kwaikwayon jirgin sama, mota, tankar yaƙi ko gini da ake haɗawa da roba, katako ko kwali bisa ƙayyadadden awo. Awon 1:72, alal misali, na nufin kowane santimita ɗaya a jikin samfuri yana madadin santimita 72 na ainihin abin. A bakin masu fenti a Damagaram, akirilik ya fi kusa da abin da ake kira fentin ruwa, inamel kuwa fentin mai. Rabon bai cika daidai ba, domin akwai akirilik ɗin da ba da ruwa ake sirka shi ba.

Asalin inamel

Sunan aro ne. Inamel na ainihi garin gilashi ne da ake narkarwa a jikin ƙarfe cikin wuta, irin ƙyallin nan na langa da samira da ake jera wa amarya. Fentin ba shi da gilashi ko kaɗan. Tauri da sheƙin da yake yi bayan ya bushe ne suka jawo masa sunan. Yawancinsa da ƙaron alkid ake yin sa, wanda aka inganta a Amurka a shekarun 1920.

Tarihinsa a wannan fanni tafe yake da tarihin samfuran roba. Kamfanin FROG na Ingila ya fitar da jiragen roba na haɗawa a awon 1:72 wajajen 1936, Airfix kuma ya biyo da jirginsa na farko, Spitfire, a 1953. Fentin da aka fi shafa musu na Humbrol ne, kamfanin da aka kafa a birnin Hull a 1919, wanda ya faro da sayar da man keke kafin ya koma fenti. Ƴan gwangwanayensa masu cin mililita 14, kowanne da lambarsa a kan murfi, sun zama abin da yaran Turai na shekarun 1960 da 1970 suka tashi da shi, har daga baya takardar da ke cikin kwalin Airfix takan faɗi lambar fentin maimakon sunan launin. A Amurka, Testors na garin Rockford ne ya riƙe wannan gurbi. Kamfanin Hornby ya sayi Airfix da Humbrol duka a 2006.

Asalin akirilik

Bajamushe Otto Röhm ya rubuta kundin digirinsa a kan sinadaran akirilik a 1901, amma sai bayan yaƙin duniya na biyu fentin ya shiga hannun masu zane. A ƙarshen shekarun 1940 Leonard Bocour da Sam Golden suka fitar da Magna a Amurka, wanda ba da ruwa ake sirka shi ba. Mai sirkuwa da ruwa ya bayyana wajen tsakiyar shekarun 1950, a Meziko inda masu zanen bango ke neman fentin da zai jure rana, da kuma Amurka ƙarƙashin sunan Liquitex.

Masu haɗa samfura sun daɗe ba su yarda da shi ba, saboda na farkon ba ya kama jikin roba sosai. Kamfanoni biyu sun taka rawa wajen sauya wannan ra'ayi. Tamiya na Shizuoka a Japan, wanda ya faro da harkar katako a 1946, ya fitar da akirilik mai ɗauke da alkol. Vallejo kuwa, da aka kafa a Amurka a 1965 ya koma Basalona bayan ƴan shekaru, da launukan fina-finan zane ya fara, daga baya ya shahara da ƴan kwalabensa masu ɗiga ɗigo-ɗigo.

Yadda suke bushewa

Nan ne bambancin yake. Akirilik yana bushewa ne idan ruwan cikinsa ya tashi, ƙwayoyin ƙaron su manne da juna; cikin minti goma zuwa talatin ana iya taɓa shi. Inamel sai mai sirka shi ya fita tukuna, sannan ƙaron ya haɗu da iska ya yi tauri a hankali, abin da kan ɗauki yini guda ko fiye. Jinkirin yana da amfani: fentin yakan kwanta, layin buroshi ya ɓace da kansa. Akirilik ba ya ba da wannan dama, shi ya sa ake shafa shi siriri-siriri sau biyu ko uku, galibi a kan shafin share fage da zai taimaka masa kama roba.

Buroshin akirilik ruwa ya ishe shi matuƙar fentin bai bushe ba. Na inamel sai farin tina, wasu kuma su yi da kananzir. Fetur da tinar masu fentin mota kuwa cin robar samfuri suke yi, kamar yadda fetur ke narkar da farin soson da ake naɗo talabijin a ciki.

Ƙwararru da yawa haɗa su suke yi. Sukan shafa akirilik a ƙasa, idan ya bushe sarai sai su tsinka inamel ya yi ruwa-ruwa su zuba a ramuka da gaɓoɓi don ya fito da tsatsa da dauɗa, su goge rarar da tsumma. Farin tina ba ya cin akirilik ɗin da ke ƙasa.

A yanayin Damagaram

Shawarwarin da ke jikin kwalba an rubuta su ne don ɗaki mai sanyi da ɗan laima. A Zinder zafin bazara yakan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, hunturu kuma yana zuwa da busasshiyar iska da ƙura. Kowane fenti da irin wahalar da yake sha. Akirilik yakan daskare a bakin buroshi kafin a kai shi jikin samfuri, idan kuwa fesawa ake yi sai ya bushe a iska ya sauka da kaushi kamar rairayi. Maganinsa a jiƙa soso a faranti, a shimfiɗa takarda a kai, a ɗiga fentin a kan takardar, a kuma yi aikin da sassafe ko bayan isha'i. Inamel ba ya damuwa da bushewar iska, amma tun da yakan jima da danƙo, duk ƙurar da ta shigo ta taga a jikinsa za ta zauna. Sai a kifa masa kwali ko babbar roba har gari ya waye. Shanya samfuri a rana don ya yi saurin bushewa kuskure ne, domin siraran sassa kamar fiffike lanƙwashewa suke yi.

Ƙananan kwalaben da aka yi musamman don samfura ba kasafai ake ganinsu a shagunan gari ba, sai dai a yi saƙo daga Yamai ko Kano. Abin da ke kusa shi ne fentin mai na ƙofa da taga a shagunan kayan gini, wanda ɗan'uwan inamel ne, sai dai kaurinsa na rufe ƙananan zane idan ba a tsinka shi sosai ba. Ga motar gwangwani ko ta waya irin wadda yara ke ƙerawa a unguwannin Birni da Zango, shi ne ya fi dacewa, don yana kama ƙarfe. Samfurin gini na kwali ko katako kuwa akirilik ya fi karɓa, musamman idan ana son launin jar ƙasa marar sheƙi irin na tsofaffin soraye.

Lafiya

Warin tina na sa ciwon kai a rufaffen ɗaki. Akirilik ba shi da wari sosai, amma fesa kowannensu na buƙatar takunkumi da iska mai ratsawa.

Saɓani

Masu goyon bayan inamel na cewa ya fi ƙarko, masu akirilik na cewa na zamani ya kamo shi. Wasu kuma sun bar su duka sun koma wani nau'in fenti da ake kira lacquer, irin Mr. Color na Japan.